Tabarmar Gwaggo

Na Allah muke, gare Shi za mu koma, Gwaggo kuma ta riga mu. Ta cika ranar Laraba da hantsi a ɗakinta na Bodinga, bayan jinyar wata biyu. Yau kwana arba'in ke nan.

Tun daga ranar nake zaune ina karɓar gaisuwa, ina jin abin da mutane ke faɗa. Kowa ya shigo sai ya ce mace ce mai ibada, ba ta sakin azumin Litinin da Alhamis. Wannan gaskiya ne. Wasu suka ce mai haƙuri ce, wannan kuwa da tana da rai ita da kanta za ta ƙaryata su. Haƙurin Gwaggo na mutum huɗu ne kacal a duniya, mu sauran ko ɓurɓushinsa ba mu samu ba. Maƙwabciyarmu da ta yi shekaru tana hana 'ya'yanta bi ta ƙofar gidanmu ta zo ta yi kuka har da shessheƙa. Wani ɗan siyasa da ya taɓa yi mata alkawarin gini lokacin neman ƙuri'a, bai sake waiwayarta ba, ya zo da babbar riga yana cewa shi fa ya daɗe da sanin darajarta. Na haɗiye abin da ke bakina na ce masa Allah ya ba da lada.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne babu mai ambaton aikinta. Sai dai a gama addu'a, a shafa, a matso kusa da ni a rage murya: "To, waɗancan hwa, ƙaƙa za a yi da su?" Waɗancan su ne mutum huɗun da Gwaggo ta koya wa sana'ar kula da tsofaffi, mutanen da gari ke kira dolaye. Ta farkonsu Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Mutum guda ne ya yi gaisuwar gaskiya, wata tsohuwa daga Danchadi da jikokinta suka turo a amalanke. Ba ta yabi kowa ba. Ta kama hannuna ta ce, "Ɗiyata, wa za shi riƙa aiko min mai juya ni?" Saboda tambayarta na ɗauki biro, don ban yarda a binne aikin tare da mai shi ba.

Yaya ta girme ni da shekara bakwai. Sanƙarau ya kama ta tana 'yar shekara huɗu, ya bar ta da rai, amma ya taɓa mata kai. Tana magana, tana sallah, tana gane mutane, sai dai abin da za a faɗa miki sau ɗaya ki riƙe, ita sai an faɗa mata sau talatin. Da iyayenmu suka rasu aka raba mu. Gwaggo, wadda ita ce babba a ɗakin su mahaifinmu, ta ɗauke ni. Baffa, mai bi mata, ya tafi da Yaya gidansa a Dandin Mahe, can ƙasar Shagari. Ba zan ce ya zalunce ta ba. Ya ciyar da ita, ya tufatar da ita, ya kuma ajiye ta a bayan gida wajen turmi inda baƙo ba zai gan ta ba. Shekara goma sha biyu tana daka.

Ita Gwaggo ta yi aiki a wani asibiti a Sakkwato tun mijinta na raye. Ba nas ba ce, ko baƙi ɗaya na boko ba ta sani ba. Ita ce mai kwashe fo, mai wanke waɗanda 'yan'uwansu suka ƙyamata. Da mijin ya rasu, ba ɗa ba jika, ta dawo Bodinga tana sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Doguwa ce, siririya, kullum da goro a kunci, kuma in ta wanke mutum da baki sai ya kwana biyu bai bi ta layinmu ba.

A shekarar da soja suka mayar da mulki hannun farar hula, Kakarmu ta kwanta ciwon ajali a gidan Baffa. Ta daina cin abinci. Duk wanda ya ba ta koko sai ta ƙware, ta yi ta tari, ta kau da kai. Gwaggo ta je jinya, na bi ta. Wata rana bayan azahar muka leƙa ɗakin muka tarar da Yaya a gaban Kaka da kwanon koko. Ta ɗebi rabin cokali ta sa mata a baki, ta kafa wa wuyanta ido. Ba ta sake ɗiba ba sai da ta ga maƙogwaron ya motsa. Haka ta yi ta yi har aka kira la'asar, kwanon kuma ya ƙare.

"Wa yak koya miki wanga?" in ji Gwaggo.

Yaya ta ce, "Ba kowa. Jiranta nika yi."

Bayan addu'ar bakwai ta Kaka, Gwaggo ta samu Baffa a zaure ta ce ya ba ta Yaya.

"Mi za ki yi da ita? Ko aike ba ta iyawa."

"Sana'a za ni koya mata."

Baffa ya yi dariya har hularsa ta karkace. Gwaggo ta bari ya gama, sannan ta ce, "Ba hankali tar rasa ba, sauri tar rasa. Tsoho ko ba sauri shika so ba. Ku masu sauri ku kunka kusa shaƙe uwammu." Washegari muka shigo motar Bodinga mu uku, Yaya na rungume da ƙullin kayanta.

Gwaggo ba ta da littafi, ba ta da allo, ba ta kuma yarda a koyi aiki a jikin tsohon mutane ba. Sai ta shimfiɗa tabarma a rumfar tsakar gida, ta yi ɗaurin ƙirji, ta kwanta. Ta ce, "Daga yanzu na zama tsohuwa. Ɓarin jikina ya mutu, ba ni tashi, ba ni zama. Taho ki wanke ni."

Ƙa'idojinta ba su da yawa, amma kowace sai da aka yi watanni a kanta. A taɓa ruwa da gwiwar hannu, don tafin hannun da ya saba da taɓarya ba ya jin zafi. Kada a taɓa tsoho sai an faɗa masa inda za a taɓa, a kuma jira ya amsa. In ba ya iya amsawa, a ja numfashi uku kafin a kai hannu. Kada a buɗe jiki sai daidai wurin da za a wanke, a rufe shi kafin a buɗe wani. Dama kafin hagu. Ba ta kuma sauƙaƙa wa Yaya ba. Takan saki jiki ta yi nauyi kamar buhun albasa, ta furzar da koko, ta mintsine ta, har zagi take yi, wai tsofaffi na zagi, gara ta saba da shi a gida. In an gama sai Yaya ta miƙe, ta sa hannuwa a baya, ta ce, "Na yi daidai?" Amsar kusan kullum ɗaya ce: "Sake." Sai da aka yi wata shida sannan ta fara jin "Kin yi daidai." A ranar Yaya ta zagaya gidan da gudu tana faɗa wa awaki.

Labari bai daɗe ba ya cika unguwa. Mata suka riƙa leƙe ta katanga, suna cewa Gwaggo ta taɓu, mace da ƙafafunta ta kwanta kamar gawa ana jujjuya ta, ai kiran mutuwa take yi. Da maganar ta iso kunnenta ba ta rufe gida ba. Ta sa aka ɗage asabarin ƙofar tsakar gida, ta ce mai son kallo ya shigo ya zauna, kada katanga ta faɗo masa. Masu kallon nan daga cikinsu aka samu waɗanda suka dawo a ɓoye. Wata ta kawo ɗiyarta da ba ta taɓa fita ƙofar gida ba, wata ta kawo ƙanwarta. Na huɗunsu namiji ne, ƙanen mijin Gwaggo, magidanci ne a shekaru amma yara ke jifansa a kasuwa. Shi ba zai koya a jikin mace ba, sai Gwaggo ta lallashi wani tsohon wanzami maƙwabcinmu ya riƙa kwanciya masa a zaure, ita tana daga bayan ƙofa tana ba da umarni. Ladan wanzamin fura ce mai nono, kuma ya fi Gwaggo iya zagi.

Ba zan ɓoye abin da ya faru a aikin Yaya na farko ba, don masu son a rufe gidan nan ba su manta da shi ba. Wata tsohuwa ce a bayan kasuwa, surukarta ta gaji da ita. Yaya ta yi wata uku tana zuwa lafiya. Rannan ana suna a gidan, an cika, sai surukar ta tsaya a kanta tana cewa ta yi sauri baƙi na zuwa. Yaya ta rikice, ta manta gwiwar hannu, ta zuba wa tsohuwar ruwan zafi a ƙafa. Ƙafar ta sale. Kafin magariba gari ya ɗauka, kowa na cewa dama an faɗa. Da safe Baffa ya iso a kan babur ya ce Yaya ta ɗauko kayanta.

Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa ta dafa bango da hannu biyu. "Laihina na," ta ce. "Ni nit tura ta ban gama koya mata ba. In duka za a yi, ga ni."

Baffa ya ce mata, "Ki ji tsoron Allah. Yau ƙahwa, gobe rai."

"Nas nawa nig gani sun ƙona mutum, anka ce kuskure na? Ita don ta yi sau guda sai ta koma turmi? Ba ta zuwa."

Baffa ƙanenta ne, ba zai ture ta ba. Ya tayar da babur, ya juyo ya ce, "Ran da ba ki nan, da kaina za ni zo in ɗauke ta." Na ji da kunnena, kuma na san Baffa ba ya mayar da magana.

Gwaggo da kanta ta yi jinyar ƙafar tsohuwar har ta warke. Yaya kuwa kwana arba'in ba ta taɓa kowa ba sai ruwa. Kullum da safe Gwaggo ta jera mata kwanoni, wani da zafi, wani da ɗumi, wani da sanyi, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da gwiwar hannu tana faɗa. Ta kuma ƙara mata ƙa'ida guda: in an ce ki yi sauri, ki ajiye hannunki ki tsaya cak. Har yau ko ruwan sha aka miƙa wa Yaya sai ta naɗe hannun riga. Bayan shekara biyu Gwaggo ta sa tela a kasuwar Bodinga ya ɗinka farin kallabi mai shuɗin zare a baki, ta ɗaura mata a gaban mutane. Wannan ita ce takardar shaidar makarantarta, kuma ba ta bayar da shi don tausayi. Ɗiyar maƙwabta sai da ta yi shekara uku kafin ta samu nata.

Daga nan sai ƙasa ta rikice. Kaya suka ɓace daga kasuwa, sabulu ya zama abin bin layi, mu malaman firamare sai mu yi watanni ba mu ga albashi ba. Soja suka dawo, fari ya biyo baya, gero ya bushe a tsaye bai fitar da kai ba. Maza suka watse cin rani Kudu, wasu da matansu. Aka bar tsofaffi a ɗakuna, daga mai ciwon ƙafa sai wanda bayansa ya fara ruɓewa don babu mai juya shi. A lokacin ne masu dariya suka fara sallama a ƙofarmu. Daga Danchadi ake aikowa, daga ƙauyukan Shagari ake aikowa, a taimaka a turo mai farin kallabi. Gwaggo ta koma dafa sabulun salo da kanta don kada aikin ya tsaya. Direbobin tasha suka san su, suka san inda za su sauke kowa.

Abu ɗaya ne ba ta yarda da shi ba ko a cikin yunwar nan. Wani mai gonar albasa a Danchadi, Yaya ta yi mako tana kula da mahaifiyarsa, sai ya sallame ta da ragowar tuwo da tsohon zani, ya ce ga sadaka. Gwaggo ta ɗauki kwanon da zanin ta shiga mota. Ta same shi a majalisa cikin abokansa, ta dire masa a gaba.

"Wanda yan nome maka albasa, sadaka kaka ba shi?"

"Haba Gwaggo, ai ita wagga..."

"Ita wagga ta wanke abin da kai ba ka iya kallo. Ba bara taz zo ba, aiki tay yi. Ka biya ta ladanta, ko gobe ka naɗe riga ka wanke uwarka da kanka."

Kafin ta iso gida ya aiko da gero a kan jaki. Tun daga ranar ba a sake furta kalmar sadaka a kan aikinsu ba, a gabanta dai.

Ni ma ina da nawa, kuma in zan faɗi na mutane dole in faɗi shi. Ina kwalejin horon malamai lokacin, na dawo hutu da ƙawata. Gwaggo na fama da zazzaɓi, ta ce in kwanta a tabarma a madadinta, ƙanwar nan da aka kawo tana koyon juya mutum, ba a so ta yi fashi. Na kalli ƙawata, kunya ta kama ni, na ce, "Ni da karatuna zan kwanta dolaye su jagwalgwala ni?" Yaya na tsaye da tsumma a hannu. Ta ji. Ta sunkuyar da kai. Na jira Gwaggo ta wanke ni kamar yadda ta saba, amma ko kallona ba ta yi ba. Ta tashi tana rawar sanyi, ta ja ƙafa zuwa rumfa, ta kwanta. Har na koma makaranta ba ta ambaci maganar ba, ba ta kuma sake roƙona ba har ta bar duniya. Wannan abin ya fi kowane zagi yi mini ciwo, kuma ban taɓa ba Yaya haƙuri ba.

A shekararta ta ƙarshe, da ta ji jikinta na raguwa, ta ƙara darasin da ya sa har masu sonta suka yi tsaki. Ta sa aka samo ganyen magarya da kafur, ta kwanta a tabarmar nan ta koya wa Yaya wankan gawa a jikinta, tun daga tsarki da alwala har zuwa zubin ƙarshe. Da ciwon ya kayar da ita da gaske, Yaya ce ta yi jinyarta. Wata biyu a kwance, ko ƙurji ɗaya bai fito mata a baya ba. Muryarta ta shige, amma in Yaya ta tambaya ta kan iya cewa "Sake," ko don kada a saba. Saura kwana uku ta cika Baffa ya zo dubiya, ta riƙe bakin rigarsa, ta nuna Yaya, ta ce a gabana, "Ita za ta wanke ni. Ta wanke ni ina da rai ya hi a ƙirga. Wa yaf fi ta sanin jikina?" Baffa ya ce Allah ya ba da lafiya, bai ce to ba.

Ranar da ta rasu, kafin azahar gida ya cika. Baffa ya aika aka kira tsohuwar da ke yi wa matan gari wankan gawa. Na same shi a zaure cikin maza, abin da ban taɓa yi ba, na durƙusa na tuna masa wasiyya.

"Maganar mai ciwo ta," ya ce. "Wadda taƙ ƙona mai rai za a ba gawa? A yi muna dariya a kushewa? Ki shiga ciki. Bayan addu'ar uku kuma ta haɗa kayanta, Dandin Mahe za ta."

Nan na gane abin da ake yankewa. In aka ce Yaya ba ta isa ta wanke matacce ba, gobe babu gidan da zai ba ta mai rai, sauran ukun ma kowa zai koma inda aka ɓoye shi. Na ce, "Baffa, ba ni tashi. In za a taka wasiyyar Gwaggo, a taka a gaban Liman." Liman na gefe yana jan carbi. Ya ce a kira masa Yaya.

Yaya ta zo da farin kallabinta ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Ɗiyata, in anka ba ki wankan ga, mi za ki hwara yi?"

"In taɓa ruwa, Allah shi gafarta Malam."

"Sannan?"

"In hwaɗa mata. In ruhe ta. In naɗe tsumma ga hannu in yi mata tsarki. In yi mata alwala. Dama kahin hagu. Sau ukku, na ƙarshe da kahur."

Liman ya dubi Baffa ya ce, "Na tambayi maza masu gemu ba su jero min hakanga ba. A cika wasiyya. Mai wanka ta tsaya kusa, in an yi kuskure ta gyara." Baffa ya ce shi ke nan, amma in aka sake wankan nan, maganar ta ƙare.

Mu uku muka shiga, ni ce mai zuba ruwa. Mai wankan gari ta tsaya a gefe ta harɗe hannuwa, fuska a murtuke. Yaya ta naɗe hannun riga ta tsoma gwiwar hannu a ruwan. Ta ce ya yi sanyi, a ƙara na zafi. Tsohuwar ta ce, "Gawa ta, ba ta ji." Yaya ta ce, "Gwaggo ba ta son sanyi." Na fita na ƙaro. Ta sake taɓawa, sannan ta durƙusa ta gyara zanin da ke rufe da Gwaggo.

"Gwaggo, za ni ɗaga hannunki na dama."

Ta jira. Ina jin numfashinta, ɗaya, biyu, uku, sannan ta kai hannu. Haka ta yi a kowace gaɓa. Za ni wanke miki kai. Za ni juya ki. Daga waje wata ta buga ƙofa ta ce maza sun gaji da jira, a yi sauri. Na tuna ƙafar tsohuwar nan da ta sale. Yaya ta janye hannuwanta ta ɗora a cinya, ta tsaya cak. Ba ta motsa ba sai da mai wankan gari ta leƙa ta daka wa mai bugun tsawa ta ce wanda ya gaji ya tafi gida. Sannan ta ci gaba daga daidai inda ta tsaya.

Da aka yi zubin kafur, aka tsane jikin, Yaya ta miƙe. Ta sa hannuwa a baya, ta dubi fuskar Gwaggo.

"Na yi daidai?"

Na toshe bakina da mayafi. Ta ci gaba da tsayuwa tana jira, don ba a taɓa barinta ba amsa ba. Sai mai wankan gari ta matso, idonta ya yi ja, ta ce, "Kin yi daidai, ɗiyata. Tun ina da ƙuruciya nika wankan gawa, ban taɓa neman izinin ko guda ba." Da ta fita ta tsaya a bakin zaure, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, ta ce ba ta sa hannu ba, kuma in tata ta zo ga wadda za a kira.

Baffa ya zauna har addu'ar uku. Da zai tafi ya tsaya a ƙofar tsakar gida ya daɗe yana kallon Yaya tana wanke tsummoki. Bai ce ta haɗa kaya ba, bai kuma ce ya fasa ba. Ya hau babur shi kaɗai.

Masu tambayar yadda za a yi da waɗancan, ga amsarku. Ƙanen mijin Gwaggo yana Shagari wajen wani tsohon mahauci. 'Yan matan biyu suna cikin gari. Tsohuwar Danchadi an juya ta jiya, za a kuma juya ta jibi. Shekaranjiya wata mata ta zo daga ƙauye da ɗiyarta, budurwa ce babba mai yawan murmushi, ta ce ta ji ana koyar da irinsu, ko an daina tunda mai gidan ta rasu. Kafin in buɗe baki Yaya ta shiga ɗaki ta fito da tabarmar. Ta shimfiɗa ta a rumfa, ta gyara gefenta, sannan ta tsaya tana dube-dube. Ta san yadda ake koyarwa, ta ji shi sau dubu. Wanda zai kwanta ne babu.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yalwata mata kabari, ya sa a tarbe ta da sannu kamar yadda ta koyar a yi wa bayinsa. Ni dai na cire takalmi, na ce a ɗage asabari mai kallo ya shigo ya kalla. Na yi ɗaurin ƙirji na kwanta. Tabarmar har yanzu tana ƙanshin kafur.

Yaya ta kama gwiwar hannun yarinyar ta tsoma a ruwa. Sannan ta durƙusa a kaina, ta kira ni da sunan da take kirana tun ina goye.

"Ƙanwata, za mu ɗaga hannunki na dama."

Ban bari ta kai numfashi uku ba. Na ce, "To, Yaya."